Kwaɗo yaron Magneto, da sojan da suka harbe Voulet a Maijirgi

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na tarar da jikokina uku a zaure sun haɗa kai kan salula guda suna ta ƙyalƙyala dariya. Na leƙa. Wani tsohon fim ne na Amurka mai suna X-Men, wanda ya fito a 2000. Ga wani mutum kore-kore ya tsuguna kamar mai shirin tsalle, harshensa ya kai tsawon igiyar guga. Can sai wata mata baƙa mai farin gashi ta kira tsawa ta maka masa, ya yi sama ya faɗa ruwa. Ƙaramar cikinsu ta ɗago kai ta ce, "Kaka, zo ka ga ɗan uwanka Kwaɗo ya sha kashi!" Na ce mata ni da Kwaɗo mun san juna tun ba a haifi ubanta ba.

Ba wasa nake yi mata ba. Lokacin da muke kwalaji a nan Tasawa, a farkon shekarun 1980, akwai wasu tsofaffin mujallun labarin zane na Faransanci da ke yawo hannu da hannu a tsakaninmu, bangonsu ya yage, wasu shafukan sun ɓace. Sunan mujallar Strange. Wani kamfani ne a birnin Liyon na Faransa ya soma buga ta a Janairun 1970, yana fassara labaran kamfanin Marvel na Amurka. A cikinta na fara ganin wannan halitta. Amurkawa suna ce masa Toad, Faransawa suna ce masa Crapaud, duka biyun kwaɗo suke nufi. Ba mai son sa a cikinmu. In za mu kwaikwayi labarin a filin makaranta, wanda ya fi kowa rauni shi ake tilasta wa ya zama Kwaɗo.

Na ɗauki alƙalami a kansa yau don malamai ƴan uwana da iyayen yara. Tarihinsa na shekara sittin yana ɗauke da wata tambaya wadda tarihin ƙasarmu ma yake ɗauke da ita: wa ke yi wa babban azzalumi aiki, kuma a ina ake samo shi? Na ga amsar a cikin mujalla, na gan ta a abin da ya faru a Maijirgi a 1899, na kuma gan ta a cikin ajina, inda ni kaina na yi laifi.

Inda Kwaɗo ya fito

A Satumban 1963 mutum biyu a birnin Niyok, marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby, suka fito da labarin X-Men. Kafin nan kowane jarumin Marvel yana da sanadin ƙarfinsa: wannan gizo-gizo ya cije shi, wancan hasken bam ya buge shi. Stan Lee ya sha faɗi daga baya cewa gajiya ya yi da ƙirƙiro wa kowa sanadi, sai ya ce waɗannan haka aka haife su. Yaro ne iyayensa mutane kamar kowa, amma akwai wani sauyi a cikin ƙwayar halittarsa, in ya kusa balaga sai abin ya bayyana. Wani ya tsiro fukafukai, wani idonsa ya riƙa fid da haske mai rusa bango, wata ta riƙa ɗaga kaya ba ta taɓa su ba. A nan zan riƙa kiransu masu baƙuwar halitta. A cikin labarin jama'a na tsoronsu, suna ƙyamarsu. A wannan shekara ce, cikin Agusta, baƙaƙen fatan Amurka suka yi babban gangaminsu na neman ƴanci a Washinton, shi ya sa masu karatu da yawa suka riƙa ɗaukar labarin a matsayin misalin wariya.

Labarin ya kasa su gida biyu. Farfesa Xavier, wanda ke zaune a keken guragu, ya buɗe makaranta yana tattara irin waɗannan yara, yana koya musu yadda za su riƙe baiwarsu su zauna lafiya da mutane. Magneto kuwa, mai sarrafa ƙarfe yadda ya ga dama, cewa ya yi mutane ba za su taɓa karɓarsu ba, gara su mallake duniya kawai. Malamai, ku lura da wannan. Tun daga tushe labarin gasa ce tsakanin makaranta da wani mai tara yara a wajen makaranta.

A fitowa ta 4, ta watan Maris 1964, Magneto ya bayyana da ƙungiyarsa, suka ƙwace wata ƴar ƙasa ta ƙage a Kudancin Amurka mai suna Santo Marco. Mabiyansa huɗu ne: Mastermind mai rufa ido, da ƴan uwan juna biyu, Quicksilver mai gudu da Scarlet Witch, sai Kwaɗo. Kirby ya zana shi gajere, a duƙe, da kayan wawan sarki irin na Turai. Baiwarsa tsalle ce kawai. Dogon harshen nan da jikokina ke wa dariya fim ɗin 2000 ne ya ƙara masa, daga baya mujallu suka bi. Aikinsa a cikin ƙungiya sananne ne: ya yabi ubangida, ya kai masa tsegumin sauran, ya sha zagi, ya sha mari, ya kuma yi godiya.

Ƴan uwan nan biyu bashi suke biya. Mutanen wani ƙauye a Turai sun taso wa yarinyar da kisa suna ce mata mayya, Magneto ya cece ta. Da suka ga sun biya, a 1965, sai suka bar shi suka shiga ƙungiyar jarumai ta Avengers. Kwaɗo ba shi da inda zai tafi. A wannan shekara wata halitta daga sararin samaniya ta kama Magneto da shi ta kai su wata duniya. Da Magneto ya sami jirgin gudu, shi kaɗai ya shiga, ya bar yaronsa a can. Duk da haka, da suka sake haɗuwa, Kwaɗo ya koma bauta kamar ba a yi komai ba.

Tura ta kai bango a 1968, a fitowa ta 53 ta mujallar Avengers. Bayan wani sabon wulaƙanci, Kwaɗo ya kunna na'urar da za ta tarwatsa sansanin Magneto da ke kan tsibiri, ya shiga jirgin tsira, ya hana ubangidansa shiga, ya bar shi ya faɗa teku. Mai karatu zai ce to, ya sami kansa. Ina! Shekarun da suka biyo baya sun nuna ba abin da ya iya sai bin wani. Ya gwada zama babban mugu da kansa, abin ya zama abin dariya. A 1985, a mujallar Spider-Man, ya kai ga neman kashe kansa, Spider-Man ya cece shi, nan take ya manne masa yana roƙon ya ɗauke shi yaro. Bai damu ko ubangidan na kirki ne ko mugu ba, muddin akwai wanda zai ce masa zo.

Sai da aka yi shekaru ana zana shi kafin marubuta su ga ya kamata a ba shi suna da asali. Suka ce sunansa Mortimer Toynbee, haifaffen birnin Yok na Ingila. Iyayensa sun yar da shi yana ƙarami saboda munin halittarsa. Ya tashi a gidan marayu, yara na yi masa ba'a, manya suna ɗauka daƙiƙi ne alhali tsoro da kunya ne suka rufe masa baki. Mutum na farko da ya dube shi ya ce yana da amfani shi ne Magneto. A 2011, cikin jerin Wolverine and the X-Men na marubuci Jason Aaron, ya roƙi a karɓe shi a makarantar jaruman. Aka karɓe shi, aka miƙa masa tsintsiya, ya zama mai sharar makaranta, ɗalibai na wucewa ba su ko gaishe shi. Ba a jima ba ya sake zamewa ya bi abokan gabansu. Wannan ɓangaren ya fi kowane ci mini rai, don makarantar da aka gina domin irinsa ita ma ba ta ba shi benci ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu a 1899

Yanzu mu ajiye mujalla mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram daga Tasawa ya ratsa Maijirgi, inda kaburburan Turawa biyu suke, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Yaranmu suna jin sunayen nan a darasin tarihi. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne mutanen da ke bayansu.

Waɗannan hafsoshi biyu sun riga sun yi suna a ƙasar Mosi, inda suka ci Wagadugu da ƙarfin bindiga a 1896. A 1898 gwamnatin Faransa ta ba su umarnin ratsawa daga kogin Kwara zuwa Tafkin Cadi. Mahaifin Chanoine janar ne, ya ma riƙe muƙamin ministan yaƙi a wannan shekara. A Janairun 1899 ayarin ya tashi daga Sansanin Hausa a bakin kogi ya nufo gabas. Turawan da ke ciki ba su kai goma ba. Sojan albashi ƴan gomiya ne kawai. Sauran ɗaruruwan masu bindiga ƴan sa-kai ne da aka tattaro a hanya, galibi daga ƙasashen yamma, aka yi musu alkawarin ganima da bayi a madadin albashi. Bayansu kuma ga ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, ga matan da aka kwaso daga garuruwan da aka ci.

Ayari mai yawan haka ba ya rayuwa a ƙasarmu lokacin rani sai ya cinye rumbun mutane ya shanye rijiyarsu. Garin da ya ƙi sai a ƙone shi. Ɗan dakon da ya gaji sai a kashe shi a kamo wani. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ran 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Daga nan suka gangaro ta ƙasashen Gobir da Katsina har suka iso yankin Tasawa cikin damina.

Tun a Janairu Voulet ya kori wani laftanan nasa mai suna Peteau. Shi kuma ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba da labarin ta'asar, wasiƙar ta kai hannun hukuma a Faris. Aka umarci Laftanan-kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragamar ayarin. Ya biyo su da ƴan sojoji kaɗan, bai buƙaci ja-gora ba, ƙonannun garuruwa da gawawwaki ne suka nuna masa hanya. Ran 14 ga Yuli 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, suka haɗu a Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi. Voulet ya ba nasa umarni, suka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa Meynier ya ji rauni. Bayan haka Voulet ya shaida wa sauran Turawan cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daularsa da kansa a nan.

Daular ba ta kai kwana uku ba. Sojan baƙar fata sun fahimci cewa in suka bi shi ba su ba komawa gida. Ran 16 ga Yuli suka juya bindiga suka harbe Chanoine. Kashegari, 17 ga wata, Voulet ya nufo sansani, mai gadi ya harbe shi. Hannun da ya kashe Klobb bisa umarni, irinsa ne ya kashe masu ba da umarnin.

Su wane ne waɗannan sojoji? Rundunar da ake kira sojan Sanagal gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a 1857, kuma ko da yake sunan Sanagal take ɗauke da shi, a ƙarshen ƙarnin da yawansu Bambara ne da sauran mutanen yamma. Sanannen abu ne a tarihin rundunar cewa da yawa daga cikin sojanta na farko bayi ne waɗanda Faransa ta biya iyayengijinsu ta sa musu kaki, ko kuma kamammun yaƙi. Mutum ne da aka raba da garinsu, ba shi da gona, ba shi da dangin da za su tsaya masa, in ya yi magana a dandali ba mai saurara. Sai ga wani ya ba shi bindiga da jar hula, ya ce masa daga yau kai wani ne. Duk inda aka nuna masa zai harba.

Ba ina wanke su ba ne. Wanda ya cinna wa bukka wuta da mutane a ciki ya yi kisa, ko wa ya aike shi. Bahaushe ma ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Abin da nake so mu gani shi ne lissafin: Turawa ƙasa da goma ba za su iya ƙone Ƙonni ba. Voulet ba tare da waɗannan mutane ba mahaukaci ne guda a kan doki. Kuma mu duba abin da ya biyo baya. Bayan sun kashe iyayengijinsu ba su watse sun koma gida ba. Sun koma ƙarƙashin Turawan da suka rage, Laftanan Pallier ya ja su, ran 30 ga Yuli suka shiga Damagaram. Wani sashe nasu ya bi Joalland da Meynier har Tafkin Cadi, suka halarci yaƙin Kusiri na 22 ga Afrilu 1900 inda aka kashe Rabe. Ubangida kawai suka sauya, kamar yadda Kwaɗo ya jefa Magneto teku sannan ya shiga neman wani.

Akwai kuma maganar suna. Labarin kwanakin nan huɗu na Yuli daga rahoton Turawan da suka tsira ya zo mana. Voulet da Chanoine suna da kabari da suna, an rubuta littattafai a kansu. Ɗaruruwan da suka riƙe musu bindiga, in ka cire ƴan ƙalilan, adadi ne kawai a takarda. Mutanenmu da aka kashe ma haka. Ƙaramin mugu da wanda aka zalunta sun yi tarayya a abu guda, ba wanda ya damu ya rubuta sunansu.

Yaron da ke bayan aji

Wani zai ce me ya haɗa malamin firamare da wannan duka. Ga abin da ya haɗa ni.

A tsakiyar shekarun 1990 ina koyarwa a wani ƙauye a arewacin Mayahi. Ajin na zana ne, yara suna zaune a ƙasa, albashi kuma sai ya yi watanni bai zo ba. A aji huɗu akwai wani yaro mai babban kai da fitattun idanu, ƙafafunsa gajeru, fatarsa kullum a bushe. Tun kafin in zo garin ake ce masa Kwaɗo. Ban da wannan, ana raɗe-raɗin uwarsa mayya ce, kuma kun san yadda mutanenmu suka ɗauki maita: wai a nono ake sha, wato haihuwarsa da ita aka yi, ba shi da mafita. Ba yaron da ke cin abinci kwano ɗaya da shi. In ya zauna sai a bar masa fili ta kowane gefe, kamar an zagaye shi da ƙaya.

Mutum ɗaya ne ke kiransa. Wani ƙaton yaro ne da ya maimaita aji sau biyu, ɗan masu hali, shi ne sarkin filin wasa. Ya ɗauke shi yaro. Shi ke riƙe masa kaye da allo, shi ke kawo masa labarin wanda ya zage shi a ɓoye, shi ake aikawa satar gyaɗa a gonar mutane. Ladansa ragowar fura da izinin tsayawa kusa da manya. Yana shan duka a hannun ubangidan nasa fiye da kowa, amma in ka ga yadda fuskarsa ke haske in an ce masa "zo nan", sai ka ɗauka sarauta aka ba shi.

Wata rana ƴan kuɗin da iyaye suka tara don gyaran zanar aji suka ɓace daga jakata. Aka bincika, aka same su ɗaure a bakin wandonsa, an riga an taɓa. Kowa a ajin ya san wanda ya aike shi. Ni ma na sani. Amma uban wancan yaro yana cikin masu faɗa a ji, ni kuwa baƙo ne mai cin tuwon gari bashi. Na fito da ƙaramin gaban aji na zane shi. Ina cikin fushi na ce, "Kai Kwaɗo, ba ka jin kunya?" Ajin ya fashe da dariya. Ran nan ne sunan ya fara fitowa daga bakin mushe. Har sannan yaron bai yi kuka ba duk da bulalar, sai da ya ji wannan kalma.

Bayan girbi bai dawo ba. Da na tambaya aka ce yana kiwo. Shekaru bayan an sauya mini wurin aiki na gamu da wani mutumin garin a tashar Tasawa, ya ba ni sauran labarin. Yaron ya bi wancan ubangidan nasa ci-rani kudu. Can aka kama shi da kayan sata a hannu, ya yi zaman kurkuku. Wanda ya aike shi ya dawo gida lafiya, ya yi aure. Mutumin yana ba ni labari yana cewa Kwaɗo kaza, Kwaɗo kaza, ni kuma ina ta laluben sunan yaron na gaskiya a cikin kaina, na rasa. Na koyar da shi shekara guda cur, ina kiran sunansa kowace safiya, amma laƙabin ya cinye sunan.

Abin da ya rage gare mu

Babban azzalumi ba kullum ake haihuwarsa ba, kuma in ya zo ba mu da ikon hana shi zuwa. Abin da ke hannunmu shi ne yawan yaran da zai tarar a yashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau masu tara yara a wajen makaranta sun fi na zamaninmu yawa da haɗari. Akwai mai sayar da ƙwaya da ke neman ɗan aike, akwai ɗan siyasar da ke neman masu jifa, akwai ɓarayin daji da suka addabi kudancin jiharmu ta Maraɗi wajen iyaka, waɗanda ba sa shiga gari sai da wanda ya nuna musu gida. Dukkansu sun iya gane yaron da ba mai so, sun fi mu saurin ganinsa.

Don haka ga abin da nake roƙon malamai, daga wanda ya yi kuskuren da kansa. Kada laƙabin muni ya fito daga bakinka, ko cikin wasa. Yara suna iya raɗa wa juna suna, amma ranar da malami ya maimaita shi ya buga masa hatimi. Addininmu ma ya hana, aya ta 11 ta Suratul Hujurati a kan wannan take, ba'a da jifan juna da miyagun laƙabi. In ka kama ƙaramin ɓarawo, kada bulala ta riga tambaya: wa ya aike ka, wa ya ci? In amsar ta kai ga ɗan mai ƙarfi, nan ne za a san ko kai malami ne. Ka dubi yadda yara suke zama a aji, don filin da aka bari kewaye da wani yaro magana ce. Kuma in za ka jawo shi, ka ba shi abin da ke da daraja a idon sauran, ya riƙe alli, ya karanta a gaba, ya ja layi. In shara kaɗai ka ba shi, ka maimaita abin da makarantar cikin mujalla ta yi.

Iyaye kuma, maganar maita da muke yi a tsakar gida yara suna ɗauka su kai makaranta. Zabiya, da mai cindo, da mai in'ina, da mai farfaɗiya, da wanda kansa ya yi girma, duk da bakinmu ake fara ware su kafin yara su ɗora. In ɗanka ya zo yana ba da labarin wani yaro da laƙabi, ka tambaye shi sunansa na yanka. In bai sani ba, ka aike shi ya tambayo.

Fina-finan nan kuwa ba sai mun ƙwace salula ba. Mu zauna mu kalla tare, in an gama mu tambayi yara: wancan da ke bayan babban mugun, me ya kai shi? Wa ya kore shi kafin wannan ya karɓe shi? Malaman tarihi na Tasawa da Mayahi kuma, Maijirgi ba nisa. In kun kai ɗalibai gaban kaburburan nan biyu, bayan kun faɗi abin da Voulet da Chanoine suka yi, ku sa su ƙirga: Turawa nawa ne, bindigogi nawa ne, wa ke riƙe da sauran? Daga nan darasin zai bar 1899 ya shigo cikin ajinsu.

Daren Juma'ar nan, bayan jikokina sun kwanta, na jawo tsohuwar akwatin ƙarfe inda nake ajiye takardun aiki. Na daɗe ina tonawa kafin in sami kayen kiran suna na waccan shekara, gara ta ci gefensa. Sunan yana nan a layi na goma sha bakwai, da rubutun hannuna. Sunan annabi ne, wanda aka yanka rago aka raɗa masa ran bakwai kamar kowane ɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba, amma na aika a tambayo mini inda yake, don ina da bashin gafara a wurinsa.

Da safe ƙaramar jikata ta zo gaishe ni. Na ce mata wancan na cikin fim da take wa dariya yana da suna, Mortimer ake ce masa. Ta gwada faɗi sau biyu harshenta ya kasa, ta yi dariya. Sannan ta yi shiru, ta ce, "Kaka, a ajinmu ma akwai wata da ake ce wa Mujiya." Na ce yaya sunanta? Ta ce za ta tambayo ran Litinin.